Ninƙaya, Keke da Gudu: Jagora ga Mai Son Fara Tirayatalon

Tirayatalon gasa ce da ta haɗa wasanni uku a jere ba tare da hutu a tsakaninsu ba. Ana farawa da ninƙaya, a fito daga ruwa a hau keke, a sauka a kama gudu, kuma agogo ba ya tsayawa tun daga lokacin da aka busa usur har mutum ya tsallake layin ƙarshe, wanda hakan ke nufin har daƙiƙun da ka ɓata wajen ɗaura igiyar takalmi suna cikin lissafi. An fara gudanar da ita a siffar da aka sani yau ranar 25 ga Satumba, 1974, a Mission Bay da ke birnin San Diyego na Amurka, inda mutum 46 suka fito, kuma ta shiga wasannin Olamfik a birnin Sidni a shekarar 2000.

Yawancin waɗanda suka taɓa jin labarin wannan wasa ta hanyar Ironman suka ji shi, wato gasar da aka fara a tsibirin Oahu na Hawayi a watan Fabrairun 1978, wadda ake ninƙayar kilomita 3.8, tuƙin keke na kilomita 180, sannan gudun kilomita 42.2. Mutum 15 ne suka shiga ta farko, 12 suka ƙarasa, kuma wanda ya zo na ɗaya, Gordon Haller, sai da ya shafe sa'o'i 11 da minti 46 yana fafatawa. Jin waɗannan alƙaluma kan sa mutum ya ce wannan ba harkarsa ba ce, alhali akwai matakai da yawa a ƙasa da wannan, kuma daga can ƙasa ake farawa.

Zaɓen zango da sa rana

Zangon da ya dace da sabon shiga shi ne gajere, wanda ake ninƙayar mita 750, keke kilomita 20, gudu kilomita 5. Akwai wanda ya fi shi gajarta, wanda yawanci ninƙayarsa ba ta wuce mita 400 ba, kekensa kilomita 10, gudunsa kilomita biyu da rabi. Sama da su akwai zangon Olamfik, mai ninƙayar kilomita ɗaya da rabi, keke kilomita 40 da gudun kilomita 10, sai rabin Ironman mai kilomita 1.9, 90 da 21.1. Shawarata ita ce kada wanda bai taɓa yi ba ya wuce gajeren zango a karon farko, ko da kuwa gwanin gudu ne, domin abin da zai koya a ranar shi ne yadda ake haɗa ukun, kuma wannan darasi yana samuwa cikin sa'a ɗaya da rabi zuwa biyu ba tare da jiki ya galabaita ba.

Bayan zaɓen zango sai sa rana. Wanda ya iya ninƙaya kuma yana ɗan motsa jiki, mako 12 sun ishe shi shiri. Wanda bai iya ruwa ba sai ya ƙara wata biyu zuwa uku a gaba domin koyo. Gasannin wannan wasa ba su da yawa a yankinmu, ko da yake yana samun gindin zama a nahiyar, don an yi shi a Wasannin Afirka da aka gudanar a Akara a watan Maris na 2024, kuma Afirka ta Kudu ta daɗe tana karɓar baƙuncin Ironman. Idan babu gasa kusa da kai, ku haɗu da abokai ku shirya taku: wurin ninƙaya na otal ko na makaranta, titin da babu cunkoso da sassafe, da mutum biyu masu riƙe agogo da ruwan sha. Idan kuma ruwan ne ya gagara gaba ɗaya, akwai ƙanwar wannan gasa da ake kira duwatalon, wadda ake gudu, a hau keke, a sake gudu.

Kafin komai, wanda ya haura shekara arba'in, ko mai hawan jini, ciwon suga, asma, ko wanda aka taɓa samun ciwon zuciya a gidansu, ya fara ganin likita. Haka ma mai ɗauke da sikila, domin aiki mai tsanani cikin zafi da ƙishirwa yana iya tayar masa da ciwo.

Ruwa shi ne babban aiki

A nan zan daɗe, saboda a nan ne mafi yawanmu muke da rauni. Keke dai kusan kowa ya hau tun yana yaro, gudu kuma ba ya buƙatar malami kafin a fara shi, amma ninƙaya fasaha ce da ƙarfi ba ya maye gurbinta, kuma kuskure a cikinta yana iya cin rai nan take. Ko wanda ya tashi a bakin kogi yana iyo da kai a sama, zai tarar cewa irin wannan iyo yana gajiyar da mutum tun kafin ya ci mita 200, domin duk lokacin da kai ya ɗago, ƙugu da ƙafafu nutsewa suke yi, sai ya zamana kana jan jikinka a ruwa a karkace maimakon ka kwanta a samansa.

Ka nemi mai koyarwa, ko da na darasi shida ne zuwa takwas, kuma abu na farko da za ka nema a wurinsa shi ne numfashi. Kuskuren da kusan kowane sabon shiga yake yi shi ne riƙe numfashi yayin da fuskarsa ke cikin ruwa, sannan idan ya juyo ya yi ƙoƙarin fitar da iska da shaƙa a lokaci guda, abin da ba zai yiwu ba cikin rabin daƙiƙa. Daidai shi ne ka riƙa fitar da iska a hankali ta hanci ko baki muddin fuskarka na cikin ruwa, har ka ga kumfa na tashi a gefen kuncinka, ta yadda idan ka juya kai gefe shaƙa kawai ta rage maka. Ka fara gwada wannan a tsaye a inda ruwa bai wuce ƙirjinka ba, hannuwanka riƙe da bakin tafkin, ka tsoma fuska ka busa, ka juya ka shaƙa, sau ashirin a jere, har sai zuciyarka ta daina bugun tsoro. Na ga ƙarfafan samari masu buga ƙwallo minti casa'in ba gajiya suna haki bayan tsallake mita 25 kacal, kuma da suka gyara wannan abu guda ɗaya, cikin mako biyu suka koma yin mita 200 ba tsayawa.

Bayan numfashi sai kwanciyar jiki: idanu na kallon ƙasan tafki, wuya a sake, hannu ya miƙe gaba sosai kafin ya jawo ruwa zuwa cinya, ƙafafu kuma su riƙa kaɗawa kaɗan kaɗan daga ƙugu. Kada ka wahalar da ƙafafunka a ruwa, domin su ne za su tuƙa keke su kuma yi gudu daga baya. A tafki mai tsawon mita 25, mita 750 daidai yake da tsallakawa sau 30. Ba a fara da talatin a jere. Ka yi biyu ka huta rabin minti, ka maimaita sau takwas. Bayan mako biyu ka koma huɗu huɗu, sannan takwas takwas, kana rage hutun, har ranar da za ka haɗa su duka.

Idan gasar da ka nufa a buɗaɗɗen ruwa za a yi ta, tafki ko teku, to wajibi ne ka gwada irin wannan ruwa kafin ranar, saboda babu layin da za ka bi a ƙasa, babu bango da za ka dafa, kuma sau da yawa ba za ka ga ko tafin hannunka ba. Za ka koyi ɗago idanu kaɗan bayan kowane jan hannu shida zuwa takwas domin ka hango alamar da aka kafa, in ba haka ba sai ka karkace ka ƙara wa kanka tafiya. Kada ka taɓa shiga irin wannan ruwa kai kaɗai; a samu mai kwalekwale ko gwanin ruwa yana biye da kai. Akwai kuma abin da littattafan horo na Turai ba sa ambata amma ya shafe mu kai tsaye, wato tsargiya. Ƙwayar cutar tana rayuwa a jikin ƙananan katantanwa na ruwan daɗi mai kwanciya, irin kududdufi, madatsar ruwa da hanyoyin ban ruwa, tana ratsa fata ba tare da mutum ya sha ruwan ba, kuma alamarta da aka fi sani ita ce fitsarin jini bayan wasu makonni. Saboda haka tafkin da ake zuba wa sinadarin kulorin shi ne wurin horo na yau da kullum, wanda kuma ya riga ya shiga ruwan da ake shakka ya je asibiti a gwada shi, domin akwai magani. Batun tsaftar ruwa ba ƙaramin abu ba ne ko ga manya: a Olamfik na Faris a 2024 sai da aka ɗage gasar maza da kwana ɗaya saboda gurɓatar kogin Sen bayan ruwan sama.

Keken da kake da shi

Kekunan da ake gani a hannun ƙwararru suna da tsadar da za ta sayi mota, amma ba a buƙatarsu a gajeren zango. Duk keken da birkinsa na gaba da na baya suke kamawa, tayoyinsa ba su sude ba, sarƙarsa ba ta zamewa, zai kai ka kilomita 20. Mai giya ya fi sauƙi a hawa, kuma na hannu da ake samu a kasuwa ya wadatar idan bakanike ya duba shi. Abin da ba a sassauci a kansa shi ne hular kwano, don babu gasar da za a bar ka ka hau keke babu ita, kuma titunanmu da kansu sun isa hujja.

Ka daidaita tsawon sirdi tun ranar farko. Ka zauna, ka ɗora diddigenka a kan feda lokacin da take can ƙasa. Idan ƙafarka ta miƙe sak ba tare da ƙugunka ya karkata ba, tsawon ya yi daidai, kuma idan ka mayar da gaban tafin ƙafa kan fedar za ka ga gwiwa ta ɗan lanƙwashe. Yawancin mutane sirdinsu ya yi ƙasa da yawa, shi ya sa gwiwa take ciwo. Ka saba da giya mai sauƙi da juya feda da sauri, kamar sau 80 zuwa 90 a minti, maimakon danna giya mai nauyi da ƙarfin cinya, domin na biyun yana cinye ƙafar da za ka yi gudu da ita. Ka kuma koyi cire taya da canja tub da hannunka, saboda a tsakiyar gasa babu mai faci, kuma doka ba ta yarda wani daga waje ya gyara maka ba.

Gudu, da haɗa shi da keke

Gudu ya fi sauran biyun jawo rauni saboda dukan ƙasa da ƙafa take yi, don haka a nan ne ya kamata ka kashe ɗan kuɗi a kan kambas mai kyau wanda ya bar wa yatsunka sarari kamar faɗin babban yatsan hannu. Wanda bai saba ba ya fara da sassarfar minti ɗaya da tafiyar minti biyu, ya maimaita har minti ashirin, yana ƙara sassarfar mako bayan mako. Ma'aunin da ba ya buƙatar agogo mai tsada shi ne magana: idan ba za ka iya faɗa wa abokin gudunka cikakkiyar jimla ba tare da haki ba, ka yi sauri da yawa. Mafi yawan horonka ya kasance a wannan mataki mai sauƙi, kuma kada ƙarin da za ka yi a mako ya wuce kimanin kashi ɗaya cikin goma na makon da ya gabata.

Daga mako na biyar ka fara horon da ya bambanta wannan wasa da sauran, wato sauka daga keke ka kama gudu nan take. Ranar da na fara gwadawa, bayan tuƙin minti arba'in, na jingine keken a jikin bishiya na ɗaga ƙafa, sai na ji kamar an ɗaura mini turmi a kowace cinya, ƙasa kuma tana zuwa mini ba a inda nake tsammaninta ba. Dalili shi ne tsokoki sun shafe lokaci suna juyi iri ɗaya ba tare da ɗaukar nauyin jiki ba, sai ga shi an nemi su sauya aiki farat ɗaya. Wannan nauyi yana sakin mutum bayan minti biyar zuwa goma, kuma idan kana maimaita horon sau ɗaya a mako, yana raguwa ƙwarai. Gudun minti goma bayan keke ya isa da farko. Ka taƙaita taku, ka sassauta giya a kilomitar ƙarshe ta keke domin ƙafafu su warware.

Tsarin mako ba ya buƙatar wahala: ninƙaya sau biyu, keke sau biyu, gudu sau biyu, da hutun yini guda cikakke. Kowane zama minti 30 zuwa 45, sai na keke na ƙarshen mako da zai riƙa tsawo har ya kai sa'a ɗaya da kwata. Wanda ruwa ke ba shi wuya ya mayar da ninƙaya sau uku. Kowane mako na huɗu ka rage aikin da kusan kashi ɗaya cikin uku, saboda a lokacin hutu ne jiki yake gina abin da horo ya nema, haka kuma a makon ƙarshe kafin gasa ka rage shi da rabi.

Zafi, ƙura, abinci da sutura

Lokacin horo a ƙasarmu shi ne bayan sallar asuba zuwa hantsi, ko kuma bayan la'asar sakaliya. A bazara, fita da tsakar rana ganganci ne. Zafi ba ya jin kunyar gwani: a wata gasar tirayatalon da aka yi a watan Satumban 2016 a Kozumel ta ƙasar Meziko, Jonny Brownlee na Birtaniya yana kan gaba, saura 'yan ɗaruruwan mita ya kammala, sai zafi ya juyar masa da kai ya fara tangaɗi, har sai da yayansa Alistair ya riƙo shi ya kai shi layi. Jiri, ciwon kai, tashin zuciya, tsigar jiki na tashi cikin zafi, ko rikicewar tunani, duk alamu ne na a tsaya nan take, a nemi inuwa, a jiƙa jiki da ruwa. Domin sanin yawan ruwan da kake zubarwa, ka hau sikeli kafin horo da bayansa. Kowane kilo ɗaya da ya ragu kusan lita ɗaya ce ta zufa. Idan horon ya wuce sa'a guda, ka haɗa da ruwan gishiri da sukari, domin ɗirkar ruwa zalla fiye da kima shi ma yana da nasa haɗarin. A hunturu kuma, ranar da ƙura ta rufe gari, mai asma ya haƙura da fita.

Da ruwan ciki ake jan na rijiya, kuma abincinmu na gida ya wadatar: tuwo, shinkafa, dankali da doya domin ƙarfi, wake, ƙwai, kifi da nono domin gyaran tsoka, dabino da ayaba a aljihu idan tafiyar keke ta yi nisa. Idan shirin ya faɗo cikin watan azumi, ka rage nauyin horo, ka mayar da shi bayan buɗa baki da sa'a ɗaya ko biyu, ko sassauƙan motsi gab da magariba, kada kuma ka sa ranar gasarka ta farko a cikin watan.

Ga 'yan'uwa mata, sutura ba ta hana shiga. Wata 'yar wasa mai suna Shirin Gerami ta wakilci Iran a gasar duniya da aka yi a Landan a 2013 cikin suturar da ta rufe jikinta da kanta, kuma a 2016 ta kammala Ironman na Hawayi. Abin lura shi ne yadin ya zama mara nauyi, mai saurin bushewa, wanda ba zai cika da ruwa ya ja ki ƙasa ba, kuma ba shi da lelo da zai shiga sarƙar keke. Ki gwada shi a ruwa da kan keke sau da yawa, ki kuma sanar da masu shirya gasa tun da wuri.

Ranar gasa

Ka ci abin da cikinka ya saba da shi sa'a biyu zuwa uku kafin farawa, kamar koko ko kunu da burodi, kuma kada ka sa sabon takalmi ko ka ɗanɗana sabon abu a ranar. Ka isa da wuri domin ka shirya wurin sauyi, wato filin da ake rataye kekuna, inda za ka dawo sau biyu. Ka shimfiɗa ƙaramin tawul a gefen kekenka, ka ajiye kambas a buɗe da safa a ciki, hular kwano a kife da igiyarta a warware, lambarka ta gasa a kusa. Sannan ka taka da ƙafa daga inda za ka fito daga ruwa zuwa kekenka, kana ƙirga layuka, domin mutumin da ya fito daga ruwa kansa na juyawa yana iya rasa kekensa a cikin ɗaruruwa.

A wajen shiga ruwa ka tsaya a baya ko a gefe, ka bar masu gaggawa su wuce, domin a mita ɗari na farko ne ake shan duka da hannu da ƙafa ba da gangan ba. Idan numfashi ya sarƙe maka, ka juya rigingine ka huta, ko ka dafa kwalekwalen masu ceto. Doka ta yarda muddin ba ka yi amfani da shi ka ci gaba ba. Idan kana neman taimako, ɗaga hannu sama.

Dokokin keke kaɗan ne amma ana hukunci a kansu. Sai ka ɗaura igiyar hular kwano kafin ka taɓa keke, kuma ba za ka kwance ta ba sai ka mayar da shi mazauninsa. Ba a hawa a cikin filin sauyi. Za ka tura shi har ka wuce layin hawa, ka kuma sauka kafin layin sauka. A yawancin gasannin masu sha'awa an hana bin bayan wani kurkusa domin fakewa daga iska, sai ka bar tazara mai yawa a tsakaninku, in kuma za ka wuce shi ka wuce da sauri. Ba a sa abin jin kiɗa a kunne. A kan keke ne ya fi sauƙi ka sha ruwa, don haka ka riƙa kurɓa kaɗan kaɗan tun daga farko, kuma ka tuƙa da ƙarfin da kake jin za ka iya ƙarawa a kai, saboda kilomita biyar na jiranka. Idan ka fara gudu, kilomitar farko ka yi ta a hankali fiye da yadda zuciyarka take so. Tafiya a wurin shan ruwa halal ce, kuma da yawa daga waɗanda suka wuce ka da gudu a farko za ka same su a kilomita ta huɗu.

Bayan ka tsallake layi kada ka zube a ƙasa nan take. Ka ci gaba da tafiya na minti biyar zuwa goma, ka sha ruwa, ka ci wani abu cikin sa'ar farko, sannan ka je da lambarka ka karɓi kekenka, don ba a sakin keke sai an ga lambar ta dace da ta jikinsa. A daren, tun abin yana sabo, ka rubuta lokacin da ka ci a kowane ɓangare har da sauyi biyun, da inda ka sha wuya. Ka ba jikinka kwana uku zuwa huɗu babu gudu, sai dai tafiya ko ninƙaya mai sauƙi, kuma idan wani ciwo a gwiwa ko agara ya wuce mako bai lafa ba, ka kai shi asibiti kafin ka koma horo.